Yadda Baƙin Mai Ke Bin Jikin Ƙarfe: Abin Da Yatsa Ba Zai Gaya Wa Mai Saye Ba

Duk wanda ya saba zirga-zirga a kasuwannin bakin iyaka, tun daga Birnin Ƙonni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, ya san rumfunan masu sayar da baƙin mai. Galan-galan ne a jere, sabbi fil da ledarsu, a gefe kuma ga duro da mazurari, ana aunawa a kwalba ga wanda ƙarfinsa bai kai na galan ba. Haka nan kowa ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai saye zai tsoma yatsa a cikin man, ya murza da babban yatsa, sannan ya ware su a hankali yana kallon zaren da man ya yi. In zaren ya yi tsawo kamar miyar kuɓewa sai ya gyaɗa kai ya biya, in kuwa ya tsinke da wuri sai ya ce wannan ai ruwa ne, ya yi gaba.

Ni ma da wannan aƙida na tashi, har sai da ta ja mini kunya. Shekarun baya ni aka aika kasuwa in sayo man da za a zuba wa janareton gidan rediyon da nake aiki, na kuwa zaɓo wanda ya fi kowane kauri a yatsa, ga shi da sauƙin kuɗi, na dawo ina ganin na yi wa ma'aikata tanadi. Ba a yi wata guda ba injin ya fara wata irin ƙara, ran nan muna tsakiyar karanta sanarwar ɗaurin aure ya cije. Kwana tara tashar tana shiru. Da makanike ya kwance injin, sai ya nuna mini mental ya cinye har jan ƙarfen ciki ya bayyana, ƙasan injin kuma ya daskare da wani abu kamar kwalta. Kuɗin gyaran ya ninka abin da na rage sau da yawa.

Namu ma da sauƙi, tunda shiru kawai muka yi. Wanda ya yi lodin albasa daga Galmi ya nufi Kano ko Ikko, ko ya ɗauko tumatir ko shanu, injin kamiyonsa ya buga a dokar daji, shi ne ya san zafin abin, domin kafin a kawo makanike kayan sun fara lalacewa. Haka ɗan kabu-kabu da ya karɓi babur bashi, da mai injin niƙa, da manomin rani mai injin ban ruwa. Dukansu abincinsu yana rataye ne a kan abin da ke faruwa tsakanin mai da ƙarfe a cikin inji, wurin da ido ba ya gani. Shi ya sa na ga ya dace mu duba wannan al'amari daga tushe.

Ƙarfe ba sumul yake ba

Idan mai karatu ya shafa karanshaf sabo, zai ji shi sumul, har yana iya ganin fuskarsa a jiki. Amma da za a sa shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu sau dubu, abin da zai gani ya fi kama da gonar da aka yi wa huɗa, tudu da kwari ko'ina. Idan aka haɗa ƙarfe biyu, kawunan tuddan ne kaɗai ke taɓa juna, saboda haka duk nauyin da aka ɗora a kan waɗannan ƴan tsirarun wurare yake sauka. Da zarar an fara motsi sai su ɗauki zafi, su manne da juna kamar an yi musu walda, su sake ɓallewa. Wannan ɓallewar ce ke zama garin ƙarfen da makanikai ke gani yana ƙyalli a cikin tsohon mai. Injin da allurarsa ta nuna 3000 kuwa, juyi 50 yake yi a kowace daƙiƙa, don haka ba ya buƙatar dogon lokaci kafin ya cinye kansa in babu abin da ya shiga tsakani.

Abin da ke shiga tsakanin shi ne wata siririyar fata ta mai, mai kama da yanar da ke kwanciya a kan kunu, sai dai ta fi ta siranta nesa ba kusa ba. Masana suna auna ta da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70. Fatar man da ke tsakanin karanshaf da mental yayin da inji ke aiki ba ta wuce ƴan maikiron kaɗan ba, wadda ke tsakanin ringi da bangon silinda a can sama kuwa wani lokaci ko maikiron ɗaya ba ta kaiwa. Motar miliyoyi da kayan da ke kanta, a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba suke tafiya.

Kafin wannan fata ta yi aikinta sai man ya cika sharuɗɗa uku. Ya bazu ya isa kowane lungu da wuri, ya manne wa ƙarfen, sannan ya jure zafi da nauyi ba tare da ya tsinke ba. Yatsan mai saye ba ya iya tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu.

Ruwa ya dunƙule, mai ya bazu

Mai karatu zai iya gwada wannan a gida. Ya samu faranti na ƙarfe wanda ake amfani da shi yau da kullum, ya ɗiga ruwa a gefe guda, ya ɗiga man keken ɗinki a ɗaya gefen. Ruwan zai tsaya a dunƙule kamar ƙwayar carbi, shi kuwa man zai kwanta, ya yi ta faɗaɗa, in aka dawo bayan sa'a guda a tarar ya ci wuri ninkin na farko.

Dalili shi ne kowane abu mai ruwa-ruwa ƙananan ƙwayoyinsa suna riƙe da juna, wannan riƙo kuma shi ke ɗaure fuskarsa kamar fatar ganga. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ɗaurin fuskar ruwa ya kai 72, na man inji kuwa wajen 30 ne. Tun a shekarar 1805 wani likita ɗan Ingila mai suna Thomas Young ya bayyana cewa siffar da ɗigo ke ɗauka a kan abu mai tauri sakamakon ja-in-ja ce. Ɗigon yana jan kansa ciki, abin da aka ɗiga shi a kai yana jan sa waje. Ƙarfe yana da ƙarfin ja sosai, mai kuma riƙon kansa ba shi da yawa, shi ya sa ƙarfen ke rinjaye ya shimfiɗa shi. Ruwa ma yakan kwanta a kan ƙarfen da aka wanke tas babu ɗigon maiƙo, amma da hannu ya taɓa wurin ya bar maiƙonsa sai ya koma dunƙulewa. Wannan ya nuna cewa abin da ya riga ya kwanta a kan ƙarfe shi ke yanke hukuncin abin da zai zo daga baya. Tsatsa, ko danshi, ko daskararren tsohon mai, duk suna canza yadda sabon mai zai kama jikin ƙarfe.

Wannan jan ne kuma ke sa mai ya kutsa cikin tsaga ko da sama take kallo, kamar yadda lagwani ke jawo kananzir daga gindin fitila. Iya ƙanƙantar tsagar, iya nisan da man zai shiga. Shi ya sa makanike ke zuba gazuwal ko kananzir a kan noti da ya yi tsatsa ya bar shi ya kwana, haka kuma man fesawa irin su WD-40, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1953, yake aiki. Sai dai irin waɗannan shiga kawai suka iya, ba sa ɗaukar nauyi, don haka ba su maye gurbin man inji. Masu gyaran agogo su kuma matsalarsu akasin haka ce, domin ɗigon man da suka sa yakan gudu daga inda aka ajiye shi ya bi jikin ƙarfe, har sai da aka ƙirƙiro wani shafi na musamman da ke tsare shi wuri guda. Giris ma dabarar tsare mai ce. Mafi yawansa, kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, mai ne, aka riƙe shi a cikin wani nau'in sabulu da ke aiki kamar soso, yana sakin sa kaɗan-kaɗan a cikin boris.

A nan kauri ya shigo. Jan ƙarfe shi ke sa mai ya bazu, kauri kuma shi ke yanke saurin bazuwar. Zuma da man gyaɗa duka za su gangara a kan faranti, amma ba tare za su isa ƙasa ba. A cikin inji famfo ne ke tura mai ta wasu ƙananan hanyoyi da aka huda a jikin ƙarfe har zuwa kan inji. Da asubar hunturu, lokacin da sanyi ya sa mai ya yi nauyi, wanda ya yi kauri fiye da kima yakan ɗauki lokaci kafin ya isa sama, a wannan tsakanin kuwa ƙarfe yana gugar ɗan'uwansa.

Zafi yana korar mai

Abu na biyu da yatsa ba ya gani shi ne zafi. Mai saye yana gwada man ne a inuwar rumfa, alhali a cikin inji wajen digiri 100 zai yi aiki, kusa da ringi ma ya fi haka sosai. Mai kuwa yana tsinkewa da zafi. Irin wanda aka rubuta wa 20W-50, kaurin da yake da shi a digiri 40 yakan ragu kusan ninki takwas ko tara idan ya kai digiri 100. Wannan a mai na ƙwarai ke nan. Maras kyau yana iya fin na ƙwarai kauri a yatsa, amma da ya ji wuta ya koma kamar ruwa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a yankinmu ke haura digiri 42, inji mai sanyaya kansa da iska, irin na babur da ƙaramin janareto, shi ya fi shan wahalar wannan.

Bayan tsinkewa, akwai kuma gudu. Ɗaurin fuskar mai yana raguwa a inda ya fi zafi, sai ɓangaren da ya fi sanyi ya riƙa janye shi. Matan gida sun san wannan, domin idan aka zuba ɗan mai kaɗan a kasko aka ɗora a wuta, tsakiyar kaskon kan bushe, man ya taru a gefe. Wani masani ɗan Italiya, Carlo Marangoni, ya yi nazarin irin wannan motsi a 1865, har yau da sunansa ake kiran abin. Ma'anarsa ga inji ita ce wurin da ya fi zafi, wanda ya fi kowane buƙatar mai, shi ne man ke ƙoƙarin bari. Don haka ne masu ƙera inji ba sa barin bangon silinda sumul kamar gilashi. Sukan yi masa ƴan siraran zane masu gicciye da juna, domin mai ya samu kwarin da zai maƙale. Idan zanen ya goge, bango ya koma ƙyalli, sai inji ya fara shan mai yana hayaƙi. Makaniken da ya sa sabon ringi bai sabunta wannan zane ba, rabin aiki ya yi.

Abin da toshiyar katako ta tona

Yadda siririn mai yake ɗaukar nauyin babbar mota, a wajen gwajin ƙafar jirgin ƙasa aka gano shi, kuma bisa tsautsayi. A shekarar 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, yana gwajin sandar ƙarfe mai juyawa a cikin mazauninta, ƙasanta yana taɓa mai. Ya huda rami a saman mazaunin domin ya riƙa zuba mai ta nan, sai ya ga man ne ke bulbulowa waje. Ya toshe da toshiyar kwalba, man ya turo ta. Ya buga katako, shi ma a hankali man ya fitar da shi. Da ya ɗaura ma'aunin matsi a ramin sai allurar ta wuce 200, inda ma'aunin ya ƙare, wato kamar ninki shida na iskar da ake sa wa tayar ƙaramar mota. Babu famfon da ya kawo wannan matsi, juyawar sandar ce ta haifar da shi.

Bayan shekara uku, a 1886, Osborne Reynolds na Manchester ya fito da lissafin abin. Man da ya manne wa sandar, ita ke jan sa tana cusa shi cikin tsagar da ke ƙara matsewa, kamar yadda ake buga weji a ƙarƙashin kaya. Man ya rasa mafita da sauri, sai ya ɗaga sandar, ta koma tana iyo a kansa ba ta taɓa komai. A 1902 wani Bajamushe, Richard Stribeck, ya nuna cewa abin hawa-hawa ne. Idan gudu ya yi ƙasa ko nauyi ya yi yawa, tuddan ƙarfe suna taɓa juna. Idan gudu ya ƙaru sai su rabu, gogayya ta sauka ƙasa sosai. Idan kuma man ya cika kauri, gogayyar ta sake hawa, domin yanzu inji da man kansa yake kokawa, yana ƙona fetur a banza yana ƙara zafi.

Darussa biyu ne a nan ga direba. Na farko, lokacin tayar da inji babu wannan iyo, saboda haka wanda ke murza maƙulli da safe ya take totur nan take, da hannunsa yake rage kwanan injinsa. A ba shi ɗan lokaci mai ya zagaya, a kuma tashi a hankali. Na biyu, lodin da ya wuce kima tare da jan mota a babbar giya tana tafiyar hawainiya a kan tudu, shi ne daidai yanayin da fatar mai ta fi sirancewa: nauyi mai yawa, juyi kaɗan, zafi mai tsanani.

Gogayya ba ƙaramar asara ba ce. A 1966 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Peter Jost ya ƙiyasta cewa ƙasar za ta iya tsimin fam miliyan 515 a shekara in aka kula da shafa mai da rage cin ƙarfe. Wani bincike da Kenneth Holmberg na ƙasar Finland da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na man da ƙaramar mota ke sha, wajen yaƙi da gogayya yake tafiya, a inji da giya da taya da birki.

Sinadaran da ba a gani

To a lokacin da babu iyo, me ke kare ƙarfe? A farkon shekarun 1920 wani masani ɗan Ingila, William Hardy, ya nuna cewa akwai ƙwayoyin mai masu kai da jela, kan ya kama ƙarfe, jelar ta miƙe tsaye, su jeru kamar gashin darduma. Ko da nauyi ya matse sauran man ya fita, wannan layi guda yana nan yana hana ƙarfe cizon ƙarfe. Man tsirrai yana da irin waɗannan ƙwayoyi da yawa, shi ya sa man gyaɗa ke da santsi, kuma sunan Castrol ma daga man zurma ya samo asali, domin da shi ake haɗa man kamfanin a farkon ƙarni na 20. Illar man tsirrai ita ce iska da zafi suna sa shi ya yi danƙo ya daskare. Telan da ya taɓa ɗiga wa kekensa man gyaɗa ya ga yadda ya kama bayan ƴan makonni.

Man inji na yau haɗi ne. Kashi 75 zuwa 90 cikin ɗari tushen mai ne da aka tace, saura kuwa sinadarai ne, kowane da aikinsa. Akwai mai ɗauke da zinki da fosfaras, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1940, da zafin gogayya ya taɓa shi sai ya yi wa ƙarfe wani siririn sulke, sulken ya riƙa cinyewa a madadin ƙarfen. Akwai masu wanke datti su riƙe shi yana yawo a cikin man don kada ya kwanta ya toshe hanya. Akwai masu kashe tsamin da ƙonewar gazuwal ke haifarwa, da masu hana kumfa, da masu rage tsinkewar man idan ya ji zafi. Waɗannan sinadarai su suka fi tsada, kuma ba su da wata alama a yatsa. Saboda haka su ne abu na farko da mai algus ke cirewa.

Lambobin jikin galan

Lambobi irin su 15W-40 da 20W-50 ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE da ke Amurka. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, iya ƙanƙantarta iya saurin isarsa da safe. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. Wanda aka rubuta wa SAE 40 kawai, a zafi ajinsu ɗaya da 15W-40, amma da sanyin safiya ya fi shi nauyi sosai. Wace lamba ta dace, wanda ya ƙera injin ne ya sani, domin shi ya auna tsagar da man zai bi. Motocin zamani da yawa tsagarsu matsattsiya ce, siririn mai irin 5W-30 aka yi su da shi, zuba musu mai kauri cutarwa ce.

Sai haruffan API, masu nuna ajin sinadaran. S na injin fetur ne, C na gazuwal. Iya nisan harafi na biyu, iya sabuntar ajin: SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Na gazuwal akwai irin su CH-4 da CI-4. SA kuwa mai ne tsura babu sinadari, hukumar da ta tsara ajin da kanta ta ce bai dace da motar da aka ƙera bayan 1930 ba. Babur mai kulocin da ke jiƙe cikin man inji yana son mai alamar JASO MA, ma'aunin da Japan ta fitar a ƙarshen shekarun 1990, domin wasu mayukan ƙananan motoci santsinsu yana sa kuloci ya riƙa zamewa. Ƙaramin janareto da ake haɗa wa mai a cikin fetur, mai alamar 2T yake buƙata, wanda aka yi don ya ƙone bai bar gawayi a fulogi ba.

Inda algus ke shigowa

Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, fetur da gazuwal da iskar gas take fitarwa. Man inji daga nesa yake zuwa mana, ya bi hannaye da yawa kafin ya iso rumfa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, da cire tallafin fetur da faɗuwar naira a wannan shekarar, duk sun matse aljihun masu abin hawa, kowa ya koma neman mai sauƙi. A irin wannan yanayi ne kasuwar jabu ke ci.

Hanyoyin sanannu ne. Wani tushen mai tsura zai ɗura a galan mai suna. Wani tsohon man da aka juye, abin da muke ce wa bidanj, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce juye, shi zai tara ya bari ya kwanta, ya tace da ƙyalle. Wani ya ƙara abin da zai sa ya yi yauƙi, tunda ya san da yatsa za a gwada. Tsohon mai sinadaransa sun ƙare, ga garin ƙarfe da toka da tsami a ciki, ƙyalle kuma ba ya tare ƙwayar da ba ta wuce ƴan maikiron ba.

Ko man na ƙwarai ne, duro a buɗe yana lalata shi. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi take tasowa, da yashin hanya, suna ɗauke da ƙwayoyin da suka fi ƙarfen inji tauri. Ƙwayar da ta fi fatar mai kauri, in ta shiga tsakanin karanshaf da mental, aikin sanfefa take yi. Mazurarin da ya yini a ƙasa, da tsumman da aka goge geji da shi, da matatar iska da ta yage, duk ƙofofinta ne. Ruwa kuma yana mayar da mai fari-fari kamar shayi da madara, ya kawo tsatsa. Fetur ko gazuwal da ke zurarewa cikin mai suna tsinka shi.

Abin da mai saye zai iya yi

Tabbataccen gwaji sai ɗakin bincike, amma akwai abin da ke rage haɗari. A sayi galan mai hatimi a wurin dilan da aka sani, a duba murfi da lambar haɗi da kwanan wata, in an juye kuma a huda galan ɗin domin kada ya koma hannun masu ɗura jabu. In farashi ya faɗi ƙasa da na dila sosai, a tambayi kai dalili, domin araha ba ta ado. A shinshina, sabon mai ba ya warin ƙuna ko na gazuwal. A ɗiga kaɗan a kan farar takarda a bar shi ya kwana, sabo zai bar tabo mai haske bai ɗaya, wanda aka taɓa amfani da shi yakan bar duhu ko ɗige-ɗige a tsakiya. A ɗiga a kan ƙarfe mai zafi sosai, a nesa da fetur, in ya yi ƙarar tartsatsi to akwai ruwa a ciki. Waɗannan suna kama tsohon mai da mai ruwa, amma ba sa kama wanda aka hana sinadari, shi ya sa sanin wurin saye ya fi komai. A canza matatar mai tare da man, a kuma rage tazarar juye a lokacin ƙura. Baƙin da man gazuwal ke yi da wuri ba laifi ba ne, alama ce yana kwashe datti.

Tsohon man da aka juye kada a zubar kusa da rijiya ko magudana, kada a shafa wa dabba ko jikin mutum, kada kuma a bari ya kusanci wurin da hatsi ke bi a injin niƙa, domin yana ɗauke da abubuwa masu cutar da lafiya.

Ga ƴan'uwa masu sayarwa kuwa, yawancinku ba ku kuke haɗa jabun ba, kawo muku ake yi. Amma direban da injinsa ya buga a hanya ba ya sanin wanda ya ɗura, rumfar da ya saya yake tunawa, kuma a tasha labari ba ya kwana. Ku san wanda kuke sara a wurinsa, ku rufe duro, ku rataye mazurari, wanda ya zo neman mai kauri ku tambaye shi wane inji zai zuba wa. Addini ya hana algus kamar yadda ya hana tauye mudu, kasuwar bakin iyaka kuma da amana take tafiya, tunda yau ka ba da bashi a Maraɗi, gobe a biya ka a Katsina. Allah Ya ba mu halal, Ya kiyaye hanya.